Daga 1958 zuwa yau: me aka tambaye mu, me muka amsa?

 

Yau tarihin zaɓe za mu taɓa, kuma da wani ɗan lissafi za mu fara. Tsakanin 1992 da 2010, sau biyar aka kira 'yan Nijar su jefa ƙuri'ar raba gardama a kan kundin tsarin mulki: 26 ga Disamba 1992, 12 ga Mayu 1996, 18 ga Yuli 1999, 4 ga Agusta 2009, da 31 ga Oktoba 2010. Duk sau biyar ɗin "eh" ce ta ci, kuma kowane karo da wajen kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka fito.

To amma kundayen nan biyar ba magana ɗaya suke yi ba. Na 1992 ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da faraminista. Na 1996 ya tattara ikon a hannun shugaban ƙasa. Na 1999 ya sake raba shi. Na 2009 ya sake tattara shi, har ya cire iyakar wa'adi. Na 2010 ya sake rabawa, ya maido da iyakar. An ce mana fari mun ce eh, an ce mana baƙi mun ce eh. Gaskiya ne, a wasu lokutan masu adawa ƙaurace wa zaɓen suka yi, kuma a 1996 da 1999 wajen mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya fito. Duk da haka tambayar tana nan: cikin waɗanda suka ce eh, mutum nawa aka karanta wa abin da ke cikin takardar da harshen da suke ji?

Ƙuri'a amsa ce. Kafin amsa kuwa akwai tambaya. Tarihinmu ya nuna cewa sau da yawa tambayar da ke rubuce daban, wadda aka kawo mana a dandalin mitin daban. Bari mu duba lokuta uku da hakan ta faru, mu ga abin da ya biyo baya.

1958: raƙumi, giwa, da tambayar De Gaulle

Zaɓe na kowa da kowa bai daɗe sosai a ƙasar nan ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, Faransa ta fara barin wasu 'yan ƙasa su jefa ƙuri'a, amma 'yan kaɗan: sarakuna, ma'aikatan gwamnati, tsoffin sojoji da makamantansu. A 1951 aka ɗan faɗaɗa, har aka sa matan da suka haifi 'ya'ya biyu. Sai a 1956, da dokar da ke ɗauke da sunan minista Gaston Defferre, aka ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe. A zaɓen majalisa na 31 ga Maris 1957, ɓangaren Djibo Bakary, wanda jama'a suka sani da Sawaba, ya samu kujeru 41 cikin 60, PPN-RDA ta Diori Hamani da Boubou Hama ta samu 19. Djibo Bakary ya zama jagoran gwamnatin cikin gida.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 28 ga Satumba 1958, Janar De Gaulle ya aza wa ƙasashen da Faransa ke mulka tambaya. Wanda ya ce "eh" ya zauna cikin wata sabuwar tarayya da Faransa: yana gudanar da harkokinsa na cikin gida, amma tsaro, kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje suna hannun tarayyar, wato a zahiri hannun Paris. Wanda ya ce "a'a" ya samu 'yancin kai nan take, Faransa kuma ta janye hannunta da taimakonta. Wannan ce ƙuri'ar da tsofaffinmu ke kira "wi da no".

Sawaba ta ce a'a. RDA ta ce eh. 'Yan makonni kafin zaɓen Faransa ta turo sabon gwamna, Don-Jean Colombani, kuma masana tarihi sun rubuta irin matsin lambar da gwamnatin mulkin mallaka ta yi don eh ta ci. Sarakuna da dama da ke tare da Sawaba suka juya mata baya. A ƙauye kuwa, inda maganar sarki da ta kumandan ke da nauyi, tambayar De Gaulle ta rikiɗe ta koma wata: kana tare da raƙumin Sawaba ko da giwar RDA? Me sarki ya ce?

Sakamakon da aka bayyana: eh wajen ƙuri'a dubu 372, a'a wajen dubu 102, wato kashi 78 da kashi 22. Amma ga lambar da ba a cika faɗa ba: mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ne ke cikin rajista, waɗanda suka fito kuwa ba su kai rabin miliyan ba. Ranar da aka yanke makomar ƙasa, fiye da mutum shida cikin goma suna gida ko suna gona, ga shi lokacin kaka ne.

Ba mun zo yanke hukunci a kan wanda ya yi daidai ba ne. Gine ta Sékou Touré ta ce a'a, ta samu 'yanci ranar 2 ga Oktoba 1958, ta kuma ɗanɗana kuɗarta, don Faransa ta kwashe ma'aikatanta da taimakonta cikin ɗan lokaci. Mai hankali yana iya auna wannan ya ce eh, wani mai hankalin ya auna ya ce a'a. Abin dubawa shi ne ko an ba talaka ma'aunin ya auna da kansa. Ga kuma abin da ya biyo baya, wanda babu shi a kan takardar ƙuri'a: cikin Oktoba Djibo Bakary ya sauka, cikin Disamba aka sake zaɓen majalisa, ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa jamhuriya da Diori Hamani a gaba, a 1959 aka haramta Sawaba. Wanda ya je amsa tambaya a kan Faransa, ashe ya amsa har da tambayar wa zai mulki Nijar, da ko za a bar jam'iyyar adawa ta rayu.

Shekarun da babu tambaya

Daga samun 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960 har 1993, ɗan Nijar bai taɓa tsayawa gaban 'yan takarar shugaban ƙasa biyu ya zaɓi ɗaya ba. A 1965 da 1970 Diori Hamani shi kaɗai ya tsaya. Daga 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya karɓi mulki, aka rufe babin jam'iyyu. A Disamba 1989 Ali Saibou ya tsaya shi kaɗai ƙarƙashin MNSD. Sakamakon irin waɗannan zaɓuɓɓuka kullum sama da kashi 99 ne.

Shekara talatin da wani abu kenan ana koya wa mutane cewa zaɓe biki ne na jaddada mubaya'a: a yi layi, a jefa takarda ɗaya tilo, a koma gida. Icen da ya tanƙware tun yana ɗanye, ba rana ɗaya ake miƙe shi ba. Mu riƙe wannan a rai kafin mu zargi iyayenmu da abin da ya faru a shekarun 1990.

1993 zuwa 1996: mun san mutanen, tsarin fa?

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu. Jinin nan, tare da yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago, shi ya kai ƙasa ga babban taron ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin Farfesa André Salifou. Jam'iyyu suka fito da sunaye masu daɗin ji: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya. Ku lura fa, sunan da Hausa yake, amma takardun manufofin da kundin tsarin mulkin da Faransanci aka rubuta su.

A zaɓen 'yan majalisa na 14 ga Fabrairu 1993, cikin kujeru 83, MNSD Nasara ta samu 29, CDS Rahama 22, PNDS Tarayya 13, ANDP Zaman Lahiya 11. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya da wajen kashi 34, Mahamane Ousmane na biye da wajen 27. Amma Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya da wasu ƙanana sun riga sun ƙulla ƙawancen AFC, kowa na kiran canji. Ranar 27 ga Maris 1993 Mahamane Ousmane ya ci zagaye na biyu da kashi 54. Mahamadou Issoufou ya zama faraminista, Moumouni Adamou Djermakoye shugaban majalisa. A wannan zaɓe ma, da aka zubar da jini kafin a same shi, wajen mutum ɗaya cikin uku na masu rajista ne ya fito.

Kundin 1992 irin na Faransa ne. Jama'a ke zaɓen shugaban ƙasa, amma gwamnati ba ta tsayuwa sai da yardar masu rinjaye a majalisa. In shugaba da masu rinjaye gida ɗaya suke, lahiya lau. In suka rabu, an samu gida ɗaya mai masu gida biyu. Mutum nawa ne suka san wannan ranar da suka ce eh a Disamba 1992?

Ba a daɗe ba aka gani a aikace. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka yi tsada, albashi na makara, ma'aikata na yajin aiki. Cikin Satumba 1994, bayan saɓani a kan ikon faraminista, Mahamadou Issoufou ya ajiye aiki, Tarayya ta fice daga ƙawancen ta haɗa kai da Nasara. Shugaba Ousmane ya rasa rinjaye, ya rushe majalisa, aka koma zaɓe ranar 12 ga Janairu 1995.

Ku dubi sakamakon da kyau. Nasara 29, kamar da. Rahama 24, ta ma ƙaru da biyu. Tarayya 12, ta ragu da ɗaya. Zaman Lahiya 9. Wato jama'a ba su canza ra'ayi wani abin kirki ba, kusan kowa ya koma inda ya jefa a 1993. Ƙawancen ne ya canza. Da aka tara, 'yan adawa na da kujeru 43, ɓangaren shugaban ƙasa 40. Dole shugaba ya naɗa Hama Amadou na Nasara faraminista cikin Fabrairu 1995, Issoufou ya hau kujerar shugaban majalisa.

Shekarar 1995 ta ƙare a zaman doya da manja. Ana jayayya a kan wa ke tsara ajandar taron ministoci, wa ke da ikon naɗa daraktocin kamfanonin gwamnati, wa zai sa hannu, wa ba zai sa ba. Aikin ƙasa ya tsaya. Ranar 27 ga Janairu 1996 babban hafsan sojoji, Kanar Ibrahim Baré Maïnassara, ya kifar da su duka.

Ba talaka ne ya yi juyin mulkin ba, kuma ba shi ya hana manya jituwa ba. Amma akwai darasi a ciki ga mai zaɓe. Wanda ya jefa wa Tarayya ƙuri'a a 1993 don a kawar da Nasara, bayan wata goma sha tara ya tarar ƙuri'arsa na zaune gefen Nasara. Wanda ya je zaɓen 1995 yana ganin depite kawai yake zaɓa, ashe faraminista yake zaɓa, ashe yana yanke ko ƙasa za ta tafi da kai ɗaya ko da kai biyu. An san ɗan wane gari ne kowane ɗan takara, an san iyayensa da kakanninsa. Abin da kujerar ke iya yi, da wanda za a haɗa kai da shi bayan zaɓe, su ne ba a tambaya ba.

Shekarar 1996 ta ƙara mana wani karatun. A zaɓen 7 da 8 ga Yuli, ana tsakiyar tattara sakamako aka rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, aka kafa wata, aka tsare manyan 'yan takarar adawa a gidajensu, sannan aka bayyana cewa Janar Baré ya ci tun zagayen farko da kashi 52. Daga ranar 'yan Nijar suka gane cewa aikin mai zaɓe bai ƙare a bakin akwati ba. Akwai tafiyar da ƙuri'a ke yi daga rumfar zaɓe zuwa Yamai, kuma a hanyar nan ma ana iya yi mata fashi.

2009: a ƙarasa aiki, ko a canza kundi?

Na uku kuwa, da yawa daga cikinmu mun gan shi da idonmu. Tandja Mamadou ya ci zaɓe a 1999, ya sake ci a 2004 da wajen kashi 65. Kundin 1999 ya ce wa'adi biyu ne na shekara biyar-biyar, ya kuma ce wannan ayar ba a taɓa ta. Wa'adinsa na ƙarewa ranar 22 ga Disamba 2009.

Daga ƙarshen 2008 aka fara jin kalmar tazarce, wadda maƙwabtanmu na Najeriya suka sani tun zamanin Janar Abacha. Hujjar kuwa mai shiga rai ce. Ga madatsar ruwa ta Kandaji an aza tubali, ga matatar mai ta Damagaram, ga gada ta biyu a Yamai, ga ma'adinin Imuraren. A bar dattijo ya ƙarasa abin da ya fara. Kuma maganar gaskiya, mutanen karkara da dama suna ƙaunarsa tsakani da Allah, saboda ɗakunan lakwal, gidajen likita da rijiyoyin da aka yi a zamaninsa.

Amma takardar da aka kawo ranar 4 ga Agusta 2009 ba ta tambayi kowa ko yana son a ƙarasa Kandaji ba. Sabon kundi ne sukutum: ƙarin shekara uku ba tare da zaɓe ba, cire iyakar wa'adi, da tattara ikon gwamnati a hannun shugaban ƙasa. Wanda ya ce eh saboda Tandja, ya ce eh ga duk wanda zai zo bayan Tandja, na kirki ne ko mugu, don kundi ba ya mutuwa da mai shi. Kafin a kai ga ranar, an rushe majalisa ranar 26 ga Mayu. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin mai shari'a Salifou Fatimata Bazèye, ta ce wannan ƙuri'a ta saɓa wa doka, sai aka rushe kotun ita ma a ƙarshen Yuni.

Hukuma ta ce eh ta samu kashi 92 da rabi. 'Yan adawa, da suka ƙaurace, suka ce jama'a ba su fito kamar yadda aka faɗa ba. Cikin Oktoba CEDEAO ta dakatar da Nijar. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da gwamnati. Kundin da aka ce mutum tara cikin goma sun amince da shi, wata shida ya yi a duniya. Matatar Damagaram kuwa a Nuwamba 2011 aka buɗe ta, a hannun wata gwamnatin. Ashe aikin ƙasa yana iya ƙarasuwa ko wanda ya fara shi ba ya kan kujera.

To wane ne mai zaɓe da ya san abin da yake yi?

Kada wani ya ce sai wanda ya yi lakwal. A ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin uku na manya ne ke iya karatu da rubutu, in aka ce sai mai diploma, an kori mafi yawan 'yan ƙasa kenan. Kuma rikicin 1995 ai masu manyan digiri ne suka yi shi. Tsohuwar da ke sayen hatsi a kasuwar Tasawa ba ta yarda a auna mata sai ta duba gindin tiya, ta ga ko an bubbuge shi. Wannan basirar ce ake buƙata a rumfar zaɓe. Daga tarihin da muka bi, ga tambayoyi biyar da kowa ke iya yi, mai boko da marar boko.

Ta farko: me aka rubuta? In ƙuri'ar raba gardama ce, a nemi a karanta kundin aya-aya da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamashek, da Barbarci, a rediyo da dandali, kafin ranar zaɓe. Wa'adi nawa? Wa ke naɗa alƙalai? Wa ke iya sauke gwamnati? Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka babu sauran uzurin a kawo wa mutane takardar da ba su ji.

Ta biyu: kujerar nan, me take iya yi? Depite ba shi ke da kuɗin gina hanya ba. Aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin gwamnati. Wanda ya yi maka alkawarin abin da ba ya cikin ikon kujerar, ko bai san aikin ba, ko ya raina maka wayo. Kuma a tsarin da muka yi amfani da shi har 2020, a mafi yawan mazaɓu jerin sunayen jam'iyya na jiha ake zaɓa. Kana iya jefawa saboda ɗan garinku da ke can ƙasan jeri, ƙuri'arka ta shigar da na sama wanda ba ka taɓa gani ba. A nemi ganin jerin tun daga sunan farko.

Ta uku: da wa za ka tafi bayan zaɓe? A 1993, 1999, 2004, 2011 da 2021 sai da aka je zagaye na biyu tsakanin manyan 'yan takara biyu, kuma kowane karo maganar ƙawance ce ta cika gari tsakanin zagayen biyu. Tun da haka ne, ɗan takara ya faɗa tun kafin a jefa ƙuri'a: in bai kai ba, wa zai mara wa baya, kuma a kan wane sharaɗi?

Ta huɗu: ina ƙuri'ata za ta bi? Dokar zaɓen da aka yi aiki da ita a zaɓuɓɓukan baya ta ce a ƙirga ƙuri'u a rumfar da aka jefa su, a bainar jama'a, wakilan 'yan takara su sa hannu a takardar sakamako. Garin da mutanensa suka tsaya har aka ƙirga, suka riƙe lambar a ka, ya fi wuyar cuta. Tafiyar ma tun daga rajista take farawa. A 2020 mutum wajen miliyan bakwai da dubu ɗari huɗu ne suka shiga rajistar zamani mai ɗaukar hoto da zanen yatsa. Wanda ba shi da takardar haihuwa, yanzu ne lokacin nemanta, da shi da matansa da 'ya'yansa.

Ta biyar: wa ya faɗa? A 1958 labari daga bakin sarki da kumandan yake fitowa. Yau daga salula yake fitowa, muryar da ba a san mai ita ba tana yawo a WhatsApp daga Konni har Difa cikin awa ɗaya. Kafin ka tura wa wani, tambayi kanka: wa ya yi maganar, yaushe, a ina, kuma wa zai ci riba in na yarda? Jita-jita ba ta da uba, amma kullum akwai mai ciyar da ita.

Sai maganar da kowa ya sani, ta sabulu, atamfa da 'yan kuɗin kamfe. Ba za mu zagi wanda yunwa ta sa ya karɓa ba. Lissafi kawai za mu yi. A ce an ba ka jika biyar. Wa'adi shekara biyar ne, kwana 1825. In ka raba, bai kai dala ɗaya a rana ba. A kan abin da bai kai dala ba ka ba da izinin a yanke maka kuɗin taki, kuɗin magani, da makomar lakwal ɗin 'ya'yanka. Wanda kuma ya saya, ya riga ya biya, ba ka da bakin tambayarsa komai sai wani zaɓen.

Me ya sa yanzu?

Wani zai ce, ana maganar zaɓe alhali babu zaɓe a gabanmu? Haka ne. Tun 26 ga Yuli 2023 sojoji ke riƙe da mulki ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani. A Maris 2025 an rushe jam'iyyun siyasa, an kuma tsayar da wa'adin shekara biyar na sake gina ƙasa, wanda ana iya sake dubawa gwargwadon halin da ake ciki. Amma ku duba tarihin da muka bi: bayan 1974, bayan 1996, bayan 1999, bayan 2010, ko an daɗe ko an jima sai da aka dawo wurin talaka da takarda a hannu ana neman amsarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin kamfe, ganga da kiɗa da rabon kuɗi ba su barin kunne ya ji bayani. Yanzu da gari ya yi shiru ne ake iya koyo.

Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yaron da aka haifa shekarar tazarce zai cika 18 a 2027. Bai ga 2009 ba, balle 1995, balle 1958. In ba a ba shi labari ba, za a kawo masa tsohuwar dabara ya ɗauka sabuwa ce. Sanin mai zaɓe ba ya hana maguɗi ɗungurungum, ba ya hana manya saɓawa, amma yana sa cutar ta yi tsada, ya sa mai neman kujera ya shirya amsa kafin ya shigo gari.

Don haka, samari masu zaman fada, in an ɗora shayi a ɗan taɓa wannan hira. Iyayenmu mata, a wurin foyandi da biki a tattauna. Wanda ke da kaka ko kakan da ya ga zamanin wi da no, ya je ya zauna gabansa tun yana raye, ya tambaye shi: me aka gaya muku a lokacin, kuma me kuka gani daga baya? Wanda ya jefa ƙuri'a a 1993 ko 2009, ya gaya wa ƙannensa abin da ya sani ranar, da abin da ya gano bayan an gama.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka riga mu gidan gaskiya, na raƙumi da na giwa baki ɗaya. Allah ya zaunar da Nijar lahiya, ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka. Sai mun sake haɗuwa, mu kwana lahiya.